Shafin da Yatsan Baba Ya Baƙanta

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, ɗakina ƙarami ne amma da taga.

Malaminmu na tauhidi ya nuna mana hotunan tsofaffin kwafin Bishara. Labarin matar nan da aka so a jefe, wanda kake wa'azi da shi har shafin ya yi baƙi da yatsanka, babu shi a mafi daɗewarsu. Ya ce da alama daga baya aka shigar da shi. A ranar nan abinci bai ciwu ba, amma kada Mama ta ji.

Ran Lahadi aka ba ni karatu a coci. Labarin matar nan na zaɓa, Baba. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka