Shekarar da Kukan Jariri Ya Dawo Santa Rufina

Litinin, 4 ga Maris, 1743
Yau akuyar maƙwabciyata Brígida na karɓi haihuwarta. Ni Casilda, ungozomar gari guda, ga inda sana'a ta kai ni. Tun da jiragen Ingila suka yi mana ruwan wuta, zazzaɓi ya zo ya kwashe ragowar mazan, ban sake yanke cibiyar ɗan Adam ba. Mata ke tuƙa kwalekwale, mata ke haƙa kabari. Brígida ta ce, "Ƙawata, namiji mai haƙora a garin nan Fada Anselmo ne kaɗai, shi kuma na Allah ne." Na yi dariya har da ƙwalla. Daga baya na tuna da marigayi mijina Gaspar.

Lahadi, 17 ga Maris
Fada ya sanar a coci: idan garin bai ƙara mutane ba, gwamna zai kwashe mu zuwa kan tudu, a bar wa ciyawa gidajen. Dama yayata ta dame ni da aike in koma wurinta can. Na ce mata sai bayan damina.

Alhamis, 9 ga Mayu
Jirgi a bakin gaɓa! Mun ɗauka yaƙi ne ya dawo, har na cusa tukwanena a ƙarƙashin gado. Ashe baƙi ne daga tsibiran Kanariya, an turo su zama, da kajinsu da tsofaffinsu. Brígida ta ruga gida, ta dawo sanye da 'yan kunne.

Asabar, 11 ga Mayu
An ba wasu daga cikin baƙin gidan marigayi ƙanena. Wata Nicasia mai ciki, da mijinta, da wanta Leandro kafinta. Na ga shanyarsu a jikin bishiyar lemun da ƙanena ya shuka. Ban gaishe su ba.

Talata, 18 ga Yuni
Baƙin nan ba su iya rogo ba sam. Nicasia ta kusa dafa mai ɗacin ba tare da ta matse shi ba. Dole na shiga na nuna mata, kada su mutu a gidanmu. Ta ce, "Inna, Allah ya saka." Inna kuma!

Lahadi, 28 ga Yuli
Bikin Brígida da wani manomi cikin baƙin. Ango ba haƙoran gaba. Da na tsokane ta sai ta ce, "Ke, cizo na aure shi ya yi?"

Laraba, 4 ga Satumba
Da hantsi Leandro ya zo a guje, ko takalmi babu. "Ki taimaka, ƙanwata za ta mutu!" Jaririn ya taho da ƙafa maimakon kai. Ga shi na daɗe ban yi ba. Na ce wa Nicasia ta kama igiya ta zage ni in tana so, ta kuwa zage ni da kyau. Da la'asar ya faɗo, shiru. Na murza shi, na hura masa baki. Sai ya tsala ihu. Matan da suka cika tsakar gida suka fashe da kuka, Fada ya kaɗa ƙararrawa kamar ranar Ista. A ɗakin da aka haifi ƙanena ne.

Jumma'a, 15 ga Nuwamba
Gwamna ya fasa kwashe mu. Brígida ta fara amai da safe, wai kifi ne ya ɓata mata ciki.

Lahadi, 1 ga Disamba
Mai alfadarin yayata ya zo ɗaukata, na sallame shi da busasshen kifi. Wa zai bar masu ciki a hannun akuyoyi? Leandro ya sake zuwa duba ƙofata, wadda lafiyarta lau. Ya sha koko, ya daɗe. Shuɗin mayafi na yafa zuwa coci yau. Baƙin mayafin takabata ne bai bushe ba, shi ke nan.