Tanti mai rufewa da garwashin Kawu

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan gurup. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda ya san wasa zai yi da maganar ya wuce, ran mutum ne a ciki. Zan kawo ta daki-daki yadda ta faru, don kada a ba ni amsar abin da ban tambaya ba.

Ni mazaunin Agadas ne, ina tsaron wani shagon kayan gyaran mota. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, har inda na tsaya, shi ya yi mini aure. Kowace shekara in sanyi ya kama muna hawa duwatsun wajen Timia farautar zabin daji da zomaye, tare da wani amininsa Ba'abzine mai garka a can. Parmi, wato izinin farauta, muna da shi, kuma ba ma taka inda ma'aikatan gandun daji suka hana, na faɗi wannan tun yanzu don kada a karkatar da zancen. Kawu ya tsufa, ƙirjinsa ba shi da lafiya, da sanyi ya taɓa shi sai tari, amma idonsa da hannunsa har gobe sun fi nawa.

A da jakuna ke ɗaukar mana kaya, mu ɗaure bash, wato tamfol ɗin nan mai kauri na rufe kayan babbar mota kamiyo, tsakanin duwatsu, gaba a buɗe, baya a buɗe. Bana aminin ya aiko cewa zabin sun koma wani kwazazzabo can sama inda ruwa bai ƙafe ba, kuma jaki ba ya iya hanyar, komai a baya za a goya shi. Bash ba ya goyuwa. Sai Kawu ya ce in nemo tanti marar nauyi, tunda ni zan ɗauke shi.

Na je kasuwa wurin wani mai tsofaffin kaya da ke zuwa ta Dirku. Tanti biyu na ware. Na farkon ba shi da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya ake ɗaga shi, amma rabin jikinsa raga ce kamar sangen sauro, rufin sama kuma bai kai ƙasa ba, iska na shiga ta ko'ina. Na biyun ya ɗan fi nauyi, amma zan iya da shi. Riɓi biyu ne, yana da leɓe da ake danne shi da duwatsu, in ka ja farmatir, wato zif ɗin ƙofar, ko numfashin iska ba ka ji. Mai kayan ya san ni, ya ce in tafi da su gida in gwada, in mayar da wanda ban so.

Ranar Lahadi da safe na kafa su a tsakar gidana, na kira Kawu ya gani. Mai ragar ko leƙa shi bai yi ba, ya ce wannan na kamun kifi ne. Da ya shiga na biyun sai ya yi murmushi ya ce wannan ai ɗaki ne. Ya sa matata ta kawo masa furnon shayi da gawayi. To ga al'adarsa, kuma haka duk mafarautan da na sani suke yi: ana hura gawayi a waje har hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, sannan a shigo da shi wurin kwana a ajiye wajen ƙafafu. Haka ya yi. Ya shiga da furno da butar shayi, ya ja farmatir, wai zai ga iyakar ɗumin abin. Ni ban ga laifi ba, tun ina ƙarami haka na ga ana yi a ƙarƙashin bash. Aka kira ni a talho wani yana jiran kaya a shago, na fita.

Da na dawo matata ta ce Kawu ya yi shiru, ta ɗauka barci ne. Na yi sallama, ba amsa. Na buɗe, na same shi ya zame gefe, shayi ya zube a rigarsa, idanu a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na ja shi waje ta ƙafa. Ya yi amai, ya kira ni da sunan babana da ya rasu. Nan take na kai shi likita.

A can, majo, ma'aikacin jinyar da ya duba shi, ya tambaye ni inda na same shi, na faɗa. Ya ce garwashin da ya gama hayaƙi bai gama guba ba, yana fitar da wata iska marar wari marar launi, a wuri rufaffe mutum barci kawai zai ji, daga nan sai a wanke shi. Ya ce bash ɗinmu bai kashe mu ba ne don iska na ratsa shi. A gaban Kawu ya faɗi wannan.

Muna fitowa Kawu ya ce majon yaro ne. Wai tansiyo ce, hawan jini, ta tashi, don ya sha shayin farko mai ɗaci bai karya ba. Na ce masa ba haka ba ne. Ban taɓa musa masa magana ba sai ranar. Ya tsaya a bakin titi ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun uwarka tana rarrafe nake kwana da garwashi. Kai ne yau za ka koya mini wuta?" Ya kuma hana ni gaya wa Inna matarsa, ya ce in ta ji daga bakina, kada in sake taka gidansa. Ita har yanzu tansiyo ta sani.

Na gwada abin da zan iya, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mu ɗauki mai ragar, ya ce in kashe shi nake so in yi masa a gida, ba sai mun wahala da hawa ba. A nan yana da gaskiya, don a can sama ruwan buta yakan daskare kafin gari ya waye, kuma majo da kansa ya ce ƙirjin nan ba zai ɗauki irin wannan sanyi ba. Na ce to mai rufewar, amma ba wuta, in gasa duwatsu in naɗe masa a tsumma, in cika bido, ƴar jarka, da ruwan zafi ya rungume. Ya yi dariya ya ce shi ba mai jego ba ne. Na ce mu bar tafiyar bana, ya ce bai san ko zai ga sanyin baɗi ba, in ba zan je ba aminin nasa zai samo masa mai ɗaukar kaya, kuma tantin ya riga ya san inda ake sayar da shi. Aminin kuwa tsaransa ne, shi ma da garwashi yake kwana.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne na san Kawu kuma na san kaina. Ko ya yi mini alkawari a ƙasa, in sanyi ya cije shi a sama zai tashi ya ɗebo garwashi, ko a gwangwanin sardin ne, don haka ɓoye furno ba dabara ba ce. Ni kuma in na yi hawan dutse da kaya, barcina kamar mutuwa ne. A tanti ɗaya za mu kwana. Babu rezon talho a wurin, babu likita kusa, kuma ina da ƴaƴa ƙanana. Na yi tunanin in huda mai rufewar daga sama ba tare da ya sani ba, majo ya ce shi ba zai sa bakinsa a wannan ba.

Asabar mai zuwa za mu tashi. Jiya Kawu ya aiko mini da ƙullin gawayi, ya ce in sa a cikin kayana.

To ƴan uwa, musamman masu zuwa dajin zinariya da direbobin hamada da suka san waɗannan tantuna, akwai wani iri marar nauyi da ke tare sanyi kuma iska na fita, wanda za a samu a Agadas kafin Asabar? In babu, wanne zan mayar wa mai kaya? Ko in je in gaya wa Inna gaskiya ta tsare shi, in ɗauki fushinsa, ko da ba zai sake kallona ba? Wanda ya taɓa hana mutumin da ya raine shi abin da yake so, kuma bai rasa shi ba, don Allah ya gaya mini da wane baki ya yi.