Kwaɓin Gurasa Yana Jiranki, Shafa'atu

Highbridge, Bronx
Asabar, cikin watan Afrilu, 2016

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa, uwar 'ya'yana, mai hannun albarka, wadda ƙamshin girkinta kan tare ni tun daga matattakala kafin in kai ƙofarmu. Zuwa ga Shafa'atu, Shafa tawa ni kaɗai.

Sallama gare ki, mai ɗumi, mai taushi. Kada ki yi dariya don kin ga miji ya rubuta wa matarsa takarda alhali ɗaki ɗaya suke kwana. Na gwada da baki, kin ce in bar maganar. To, na bar ta a baki na mayar da ita ga alƙalami, shi kam ba ki hana shi ba.

Shafa, obin ɗinmu na gasa gurasa ya yi sanyi. Makonni ke nan ba ki kunna shi ba. Jiya na buɗe, sai na tarar kin cika shi da tukwane da murafai, kin mayar da shi kabad. Burodin leda muke ci daga shagon kwana, wanda ba ya ƙamshi, ba ya ƙosarwa, kuma kin je kin karɓi aikin Asabar wajen tsohuwar da kike kula da ita, don kada ranar ta same ki a kicin. Kina zaton ban gane ba? Ni da nake gane fushinki daga yadda kike ɗaura ɗankwali?

Kin tuna sanyinmu na farko a garin nan? Kin ce kina kwaɗayin gurasa irin ta gwaggonki a Jakara, ni kuma da wautata na ce ki haƙura, ina za a samu tanderu a hawa na huɗu a Bronx? Kallo ɗaya kika yi min. Kika kwaɓa, ta fito kamar takalmi. Kika sake, ta ƙone, na'urar hayaƙi ta dinga ihu, ina tsalle ina yi mata fifita da tawul, ke kina dariya har da riƙe ciki. Daga ƙarshe kika kifa kaskon ƙarfe cikin obin, kika bar shi ya yi zafi jau, kika manna kwaɓin a bayansa. Da kika ciro ta, fara, mai tabon wuta a gefe, sai ɗakin nan ya zama Kano. A tsaye muka cinye ta. Ke kika yi hawaye, ni kuwa nawa hawayen na ce albasa ce. Ba albasa ba ce, masoyiyata. Ranar na san na auri macen da idan aka ajiye ta kan dutse za ta shuka alayyafo ya fito.

Sannan Allah ya ba mu Zinariya da Tamimu, kika kafa dokar da ta fi duk wa'azin da na taɓa yi musu: duk wanda ya nemi abu da Turanci ranar Asabar, hannunsa ba zai taɓa fulawa ba. Duk mako in yi musu Hausa su amsa da Turanci, in yi faɗa su kalle ni kamar rediyo. Amma Asabar ta yi, sai ka ga abin mamaki. Zinariya 'yar aji biyar ta ɗaure zani kamar wata babbar mace, Tamimu ɗan aji biyu ya haye kujera da fulawa har gira, sai ka ji ana a miƙo yis, ana a ƙaro ruwan ɗumi, ana ihun ya kumbura, ya kumbura! Wace malama ce ta kai ki? Wace makaranta ce ke sallamar ɗalibanta da cincin a aljihu? Nakan jinkirta fita aiki da gangan, in tsaya bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ina kallonki cikin tururi da hasken taga, ina jin son ki yana cika min ƙirji kamar yadda ruwan farko ke cika kududdufi.

Sai waccan Juma'ar ta zo. Makarantar yara ta ce kowane gida ya kawo abincin ƙasarsu. Kika ce gurasa gaya ba ta isa a kai wa baƙi ba, sai an yi mata bandashe. Kika fito da ƙuli-ƙulin da Hajiyarki ta aiko, wanda ko ni sai da roƙo kike ɗibar min, kika daka, kika dama, kika shafe kowace gurasa, kika yi mata ado da albasa da tumatir. Kika sa atamfarki mai ruwan ganye, kika ɗauki tire kika hau tudun nan namu kina tafiya kamar amarya. A bakin ajin Tamimu malamarsu ta tambaye ki ko da gyaɗa a ciki. Ke kuwa, baiwar Allah, kika washe baki kika ce gyaɗa zalla ce, daga gida aka kawo ta. A wurinmu ai wannan kirari ne! Ina muka taɓa jin gyaɗa, gyaɗar da ake yaye yaro da kununta, tana iya toshe wa wani numfashi? Ashe akwai yaro a ajin da ko taɓa ta ba ya yi. Aka naɗe tiren cikin leda, aka fita da shi waje, aka ba ki abin goge hannu a gaban iyaye. Da yamma Tamimu ya jefar da jaka ya ce, “Umma, you embarrassed me.” Ke kuwa kika wuce kicin. Kika wanke kaskon, kika rufe obin.

Na san ki, Shafa. Ba kunyar ce ta fi cin ki ba. Na ji ki kan sallaya kina cewa da yanzu kin kashe ɗan mutane. Da wata ce, da ta fito tana zagin makaranta, ke kuwa yaron da ko sunansa ba ki sani ba kike yi wa kuka. Don wannan zuciyar nake son ki, fiye da idanunki, fiye da wushiryarki, kuma kin san yadda nake ji da wushiryar nan. Amma yaron lafiyarsa ƙalau, malamar ta yi aikinta, ke kuma gaskiyarki ce ta tsare shi. Tiren ma bai yi asara ba. Na kai shi wurin da mu direbobin tasi muke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, 'yan Nijar da 'yan Ghana suka yi masa rubdugu, Ishawu ɗan Kumasi har ledar ya suɗe, kuma har yau idan ya hango ni tambayarsa ɗaya ce: yaushe madam za ta sake?

Ba ina roƙon ki koma makaranta da tire ba ne. Su ci kek ɗinsu, Allah ya ba su lafiya. Gida nake roƙa wa. Tun da obin ya mutu, Hausa ta yi shiru a gidan nan, kuma ina tsoro. Ina tsoron ranar da Hajiya za ta kira waya jikokinta su kasa gaishe ta. Na yi miki alkawari, duk Asabar ɗin da kika kunna wuta ba zan fita ba sai an ciro ta ƙarshe, ko jirgin Legas ne ya sauka cike da fasinja. Wanke-wanken ma nawa ne.

Yau da safe, bayan kin fita, mun yi ƙarfin hali. Robar da kika samu takardar nan a kanta, ɗaga tawul ɗin ki gani. Mu uku muka kwaɓa. Na san ruwan ya yi yawa, kada ki faɗa, na gani. Zinariya ta tsaya tana neman kalmar murzawa ta rasa, sai da ta nuna min da hannu. Tamimu kuwa ya jira har muka rufe robar. Sannan ya ja min riga, ya haɗa kalmomin da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, ba Turanci ko guda: “Baba, idan na yi Hausa, Umma za ta daina fushi da ni?”

Amsar nan ba tawa ba ce, rabin raina, taki ce. Zan kai su Islamiyya, mu dawo bayan la'asar. Na fitar da tukwanen, na mayar da kaskon wurinsa. Kunnawar na bar miki.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Kassim