Hoton Kawu da Oga Ya Sa Na Cire

Laraba, bayan isha'i.

Ko tuwo na kasa ci. Sati biyu ke nan ɗan kamfaninmu na gina wa manoman albasa na Rimawa shafin intanet. Ran Asabar na hau mashin har can na ɗauko hotunansu a bakin gona. Kawuna, ɗaya daga cikinsu, har wanka ya sake, ya sa rigarshi ta Juma'a, ya rungumi buhu yana dariya, giɓi a waje.

Yau Oga ya leƙo kwamfutata ya yamutsa fuska. "Wanga kuma mi ne ne? Wa zai sayi albasa hannun waɗanga? Cire su." Ya nemo hoton wani Bature mai malafa, ya ce shi za a sa. Oga fa, wanda albasar ubanshi ta kai shi jami'a!

Abin da ya fi tada min zuciya, da hannuna na goge.

Ɗazu Kawu ya kira. "Ɗana, an sa ni? Ga mutane sun taru, muna son gani."

Na ce mishi wuta anka ɗauke mana.