Akwatin da Na Rufe da Rigar Marigayi

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya fi ƙarfina, kuma kunyar faɗa wa mutane nake ji.

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son taɓe-taɓen na'ura. Ya haɗa wani ɗan baƙin akwati da intanet ɗin gidanmu, ya zuba duk bidiyonmu a ciki, tun daga na aurenmu har ranar da auta ta fara tafiya. A talabijin ko a waya muke kallo. Ba su a ko'ina sai a nan.

Bayan rasuwarsa na kasa jure ganin 'yar koriyar fitilar akwatin tana ƙifta mini. Sai na mai da shi cikin kabad ɗin kayan marigayin, a kunne, na lulluɓe shi da rigarsa na ja ƙofa. Tun daga nan abubuwa suka canja. Akwai bidiyon da yake gyara keken ɗanmu. Daidai inda ya ɗago kai ya dubi kyamara hoton ke tsayawa cak, idonsa cikin nawa, amma muryarsa ta ci gaba da magana baki a rufe. Sannan kullum da yamma, lokacin da ya saba dawowa daga aiki, sai in ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin kabad, kamar ana taɓa ƙofa da farce. Ido biyu fa, ba mafarki ba. In na shafa rigar sai in ji ta da ɗumi, kamar yanzu aka tuɓe ta. Yara sun daina shiga ɗakin. Ni kuwa, in faɗa miki gaskiya, har jiran yammar nake yi.

Ƙanena ya ce in sayi sabo. Wane iri zan saya? In kuma na kashe wannan, ba rasa shi zan sake yi ba?

Uwar Biyu

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. Kewa ba hauka ba ce, ba kuma zan yi miki dariya ba. Amma ki cire rigar nan yanzu. Kin toshe wa akwatin iska, zafi yana dafa shi, shi ne ɗumin da kike ji. Ƙarar kuwa ta faifan da ke ajiye bidiyon a cikin akwatin ce, ya fara gazawa, kuma daga inda ya lalace hoto ke maƙalewa. Batun yamma, ina zaton mijinki ne ya saita akwatin ya riƙa binciken faifansa a lokacin, don a yi yana gida in ya dawo.

Ƙanenki yana da gaskiya, ke ma tsoronki yana da tushe. Ki daina maimaita bidiyon, ki kashe akwatin, ki kai wa wanda ya iya ya kwafe komai kafin a yi maganar sabo. In za ki saya, nemi mai gurbin faifai biyu masu kwafar juna, irin waɗanda aka yi don aiki ba hutu. Ki ce wa mai shagon ya kunna miki babban bidiyo a waya da talabijin lokaci ɗaya, ki ga ko zai tsaya. A gida a haɗa shi da igiyar intanet, kar a dogara da waifai, a ajiye shi a sarari. Kwafi ɗaya kuma ya zauna a gidan ƙanenki.

Ƙwanƙwasar nan ba ta tsorata ni ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne yammar da faifan zai mutu, ki kasa kunne ki ji shiru, don ranar muryarsa ta tafi ke nan, auta ba ta gama saninta ba. Kar ki bari a kai gobe. Allah ya jiƙansa, ya raya miki yaran.