Guntuwar Igwar Baba

Rusaifa, Makka, Shawwal

Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Nuf da yara, da fatan zafin Riyad da sauƙi. Na rubuto ne saboda na lura ba ka sauraron saƙon murya har ƙarshe.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama ba ya motsi, magana ba ta dawo ba. Amma tun ranar Sallah da ka ɗauke 'yar tankar yaƙin nan da ya ƙera da tagulla ka ce za ka sa a yi mata akwatin gilashi, hannunsa na hagu yake lalube a kan teburin gefen gado. Da safe ina ba shi kunu, yana lalube. Na san alheri ka nufa, sai dai ba ado ba ce a wurinsa. Tun da ya bar aikin ƙarfe a warshar Ka'akiyya ita ce aikinsa, kuma tun da ya kwanta ita ce hirarsa. Yana bin igwar da yatsa har barci ya ɗauke shi.

Ka tuna yadda Inna, Allah ya jiƙanta, take masa tsiya, wai mutumin da ba ya iya yanka kaza ya rasa abin so sai tankar Jamus. Don Allah ka dawo da ita da wuri, ko ba gilashin.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

Rusaifa, Zulƙida

Yaya Hashim,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, saƙonka ya iso. Da ma bai iso ba.

Wa ya ce maka igwar karyewa ta yi? Ka rubuto wai mai shagon da ka kai ta ya nuna maka hotunan irin tankar da doguwar igwa, shi ya sa ka ce ya cire guntuwar ya gyara. Da ka taɓa zama ka saurari Baba, da ka sani. Ni na ji bayanin har na gundura, ina wanke-wanke yana yi. Da gangan Jamusawa suka yi ta gajera, tsawonta ninki ashirin da huɗu na faɗin bakinta, har sojojinsu suna kiranta dungu. Ba don kokawa da wata tankar aka ƙera ta ba. Aikinta ta bi sojan ƙasa a hankali, ta jefa harsashi mai fashewa kan gidajen kankare da maɓoyar bindigogi, ta watsa hayaƙi ta rufa musu asiri. Sai da suka yi karo da tankokin Rasha masu kaurin sulke aka ce ta gaza, aka tuge ta aka sa doguwa. Nan Baba yake ɓata rai kullum, yana cewa an sa ta aikin da ba nata ba sannan an zage ta.

Saboda haka ya zaɓi ta farkon. Bai taɓa ƙera mata soja ko ɗaya ba, don ba ya siffanta mai rai, ya ce mutanen gidan ne sojojinta. Igwar kuwa ita ce ƙarshen abin da ya feƙe da hannunsa na dama, har da zanen cikinta da sai ka haska fitila za ka gani.

Na ajiye masa akwatin a kan tebur. Ya ga tagulla tana ƙyalli a bayan gilashi, da doguwar igwa kamar muciya. Na buɗe na ɗora masa hannu. Yatsansa ya bi, ya kai inda ya saba tsayawa, ƙarfen bai ƙare ba. Ya janye hannun ya juya fuska bango. Yaya, ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba.

Na kai tankar unguwar Mansur wurin Munzali mai walda, ya yanke doguwar daidai tsawon ta da, ya goge bakin. Baba ya taɓa sau ɗaya ya ture. Ya san ba tasa ba ce. Abinci ma yanzu sai da lallashi.

Ka koma shagon ka karɓo guntuwar. Ba ta fi yatsa ba, ko a ambulan za ta zo. Likitan mustashfa ya ce mu yi ta addu'a, ka kuma san ma'anar hakan.

Sa'adiya

Rusaifa, Muharram

Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Mutane sun yaba yadda ka tsaya a Harami wurin sallar gawa da yadda ka karɓi masu ta'aziyya. Ka iya irin wannan, ban taɓa musu ba.

Akwai abin da ban faɗa maka a gaban baƙi ba. Da na roƙe ka guntuwar igwar, ka amsa min a waya cewa ka bincika, shagon sun zubar. Na yarda, har na durƙusa gefen gadon na gaya wa Baba haka, na roƙe shi ya yafe maka. Hannunsa bai daina lalube ba har ranar Alhamis ɗin da ya rasu.

Ranar da za ku tafi, Anti Nuf ta aike ni motarka in ɗauko mata maganin ciwon kai a aljihun gaba. A ƙarƙashin takardun mota na ga 'yar leda mai sunan shagon. Tana ciki, Yaya. Sun naɗe ta da auduga, sun fi ka sanin darajarta. Ko ƙullin ledar ba ka kwance ba. Ba ƙarya ce ta fi ci min rai ba, a'a, sanin cewa kullum kana shiga motar nan, tana kusa da gwiwarka.

Na daɗe a tsaye da ita a hannu. Na yi tunanin mayar da ita jikin tankar, sai na rasa wanda zan yi wa. Tankar tana wurina, na cire ta daga gilashin. Igwar kuwa na ƙulle ledar na mayar inda na same ta. Idan ka buɗe aljihun za ka gan ta, ka riƙe, rabonka ne na gado.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Sa'adiya Idris