Tsutsar Akwati na Uku

Litinin, 3 ga Maris
Na tsaga ɗanyar gwanda goma sha biyu da reza, na tari nonon a kwalba. Na sake manta safar hannu. Yatsuna sun yi ja, suna zogi. Ni ce nake rubuta littafin digiri na biyu a kan sinadarin da ke cikin nonon nan mai narkar da furotin, kuma ni ce kullum nake miƙa masa fatata ya gwada.

Alhamis, 6 ga Maris
Akwatunan da nake kiwon tsutsa, na ɗaya da na biyu lafiya lau. Tsutsar da ta ci ganye mai nono ba ta girma, kwana huɗu ta mutu. Wadda na wanke wa ganye tas sai ƙiba take. Abin da Farfesa ya ce zan gani ke nan: sinadarin yana illata cikinta, da shi bishiyar take kare kanta.
Akwati na uku, mai koriyar tsutsar da na tsinto a lambun makaranta, ko ɗaya ba ta mutu ba. A kan shukar gwanda mai rai suke, suna ci.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta zo da yaranta. Ta ce, “Shekara biyu kina kiwon tsutsa, ko ƙwai ba ta ba ki ba.” Na yi dariya don kada in yi wani abu.

Talata, 11 ga Maris
Har yanzu ba su mutu ba. Saura mako uku in miƙa littafin digirin.

Laraba, 12 ga Maris
Na goge layin sakamakon akwati na uku daga kwamfuta. Ba wanda ya sa ni. Ba wanda ya san da shi ma sai ni da littafin sirrina. Jadawalin ya yi kyau ƙwarai. Na kasa cin abincin rana.

Juma’a, 14 ga Maris
Na ɗauki akwatin na nufi bayan ɗakin gwaji in zubar. Baba mai lambu yana ban ruwa, ya leƙa ya ce, “Au, ’yata, masu wayon nan kika kamo?”
Na ce wane wayo, Baba, ina sauri.
Ya ce ai ba sa fara ci sai sun yanke jijiyar ganye. Na ɗauka surutun tsufa ne, sai ya juya mini ganye ɗaya. Ga cizo a kan babbar jijiyar, nonon ya tsiyaye ya daskare a wurin. Daga cizon zuwa bakin ganyen duk an cinye. Ɗaya gefen ko taɓawa ba a yi ba.
Wato ta zubar da nonon tukuna, sannan ta ci inda ya bushe.
Na ce tun yaushe ya sani. “Tun kafin a gina ɗakin nan naku.” Me ya sa bai faɗa ba? “Wa ya tambaye ni?”
Na koma da akwatin.

Asabar, 15 ga Maris
Awa uku a kan kujera da gilashin ƙara girma. Na gani da idona: minti ashirin tana gurgurar jijiya, ta ja da baya, ta goge baki a ganye, ta jira. Wuyana ya ƙage.

Litinin, 17 ga Maris
Na mayar da layin. Na kai wa Farfesa, har da cewa na taɓa gogewa. Ban yi niyyar faɗin wannan ba, fita ya yi kawai. Ya cire tabarau. Ya ce na gogewar, kada in sake. Na tsutsar kuma, sai an maimaita sau uku da sabbin shuke-shuke. Wata shida. Ba zan fita tare da ’yan ajinmu ba.
Na yi kuka a banɗaki, kaɗan.

Alhamis, 20 ga Maris
Umma ta riga ta gaya wa dangi bana zan gama. Da na faɗa mata an ƙara mini wata shida ta yi shiru, can ta ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Shirun ne ya dame ni.

Laraba, 26 ga Maris
Mun shuka gwanda arba’in ni da Baba. Ya ce tukwanena sun yi kusa da juna, na ce haka takardar tsarin gwajin ta ce, ya ce to. Da ya tafi salla na matsar da su.
Na tambaye shi cikakken sunansa, shekara biyu ban taɓa ba. Ya share hannu a riga, ya faɗa a hankali, na rubuta, ya sa na karanta masa. A shafin godiya na ce masa zan sa.
Da na buɗe kwamfuta, a shafin farko na sa, ƙarƙashin nawa. Ban san ko doka ta yarda ba. Sai in an ce in cire.